Gaba a wurin 'yan kallo, ciniki a ofishin shugabanni

A watan Afrilun 1909 Celtic da Rangers, manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu na birnin Glasgow, suka haɗu a wasan ƙarshe na Kofin Skotland a filin Hampden da ke Glasgow, aka tashi biyu da biyu. Da aka sake karawa bayan mako guda sai aka tashi ɗaya da ɗaya, 'yan kallo suka tsaya suna jiran ƙarin lokaci, sai suka ga an watse ba a ce da su komai ba. Nan take raɗe-raɗi ya zagaye fili cewa shugabannin ƙungiyoyin biyu sun haɗa baki ne domin a yi wasa na uku a sake karɓar kuɗin ƙofa. Jama'a suka afka cikin fili, suka cinna wa rumfunan sayar da tikiti wuta, suka yi arangama da 'yan sanda, har suka yayyanke mesar 'yan kwana-kwana da suka zo kashe gobarar. A shekarar hukumar ƙwallo ta riƙe kofinta, ba ta ba kowa ba. Abin da ya sa nake yawan komawa kan wannan labari shi ne, masu kore na Celtic da masu shuɗi na Rangers tare suka yi wannan ɓarna, kuma da wuya ka sami wata rana bayanta da ɓangarorin biyu suka ɗaga kai a lokaci guda suka dubi waɗanda ke ƙirga kuɗi a sama.

Sunan da ake kiran ƙungiyoyin biyu da shi a haɗe, wato Old Firm, ma'anarsa tsohon kamfani, kuma ana danganta asalinsa da wani zanen barkwanci da wata jaridar wasanni ta buga a 1904, wanda ke yi musu shaguɓe cewa yawan haɗuwarsu ya zama sana'a. Ke nan tun fiye da ƙarni guda da ya wuce mutanen Glasgow sun gane cewa akwai ciniki a cikin wannan adawa. Ra'ayina shi ne gabar gaskiya ce, ta ci rayuka, kuma babu wani mai kulob da ya ƙirƙiro ta a ofishinsa, amma ta yi wa masu tafiyar da ƙungiyoyin amfani iri biyu. Ta cika musu filaye, sannan ta zame musu garkuwa, domin mutumin da hankalinsa ke kan maƙwabci dare da rana ba shi da lokacin duba littafin kuɗin gidansu.

Farkon al'amarin babu addini a cikinsa yadda mutane suke zato. Samari huɗu ne suka kafa Rangers a 1872, Moses McNeil da ɗan'uwansa Peter da Peter Campbell da William McBeath, kuma ƙwallo kawai suke son bugawa. Celtic kuwa an kafa ta ne a watan Nuwamban 1887 a zauren cocin St Mary's da ke gabashin birnin, bisa jagorancin wani malamin Katolika ɗan asalin Sligo da ake kira Brother Walfrid, domin a tara kuɗin ciyar da 'ya'yan baƙin haure daga Ayalan, waɗanda iyayensu suka tsallako teku tun bayan babbar yunwar da ta soma a 1845. Wasan farko da Celtic ta buga a watan Mayun 1888 da Rangers ta buga shi, wasan sada zumunta, ta ci biyar da biyu, aka rabu lafiya. Tsamin ya shigo ne a hankali. Wannan ƙungiya ta baƙi ta fara lashe kofuna, 'yan ƙasa suka shiga neman wadda za ta taka mata birki, sai Rangers ta gaji wannan matsayi. A 1912 kamfanin ƙera jiragen ruwa na Harland and Wolff ya buɗe reshe a Govan, kusa da Ibrox, filin Rangers, ya kawo ma'aikata daga Belfast da ke arewacin Ayalan, su kuma suka zo da rigimar garinsu ta Furotesta da Katolika a cikin kayansu. Aka raba tsibirin Ayalan gida biyu a 1921, sannan a 1923 Cocin Skotland, babbar cocin Furotesta ta ƙasar, da kanta ta fitar da wani rahoto da ya kira 'yan Ayalan barazana ga al'ummar ƙasar, rahoton da sai a 2002 ta fito ta nuna nadama a kansa.

A wannan yanayi ne Rangers ta ɗauki wata ɗabi'a da ba a taɓa rubuta ta a takarda ba amma kowa ya san da ita, wato ba ta sayen ɗan wasan da ta san ɗan Katolika ne. Gano mutum ba shi da wuya, domin tun dokar ilimi ta 1918 gwamnati ke ɗaukar nauyin makarantun Katolika daban, saboda haka tambaya guda ta wadatar: wace makaranta ka yi? Wannan tambayar ce kuma ake yi wa mai neman aiki a tashar jiragen ruwa da masana'antu, abin da ke nuna cewa filin ƙwallo yana maimaita abin da ke gudana a gari ne kawai. Celtic ba ta rufe ƙofarta haka ba. Jock Stein, kocin da ya kai ta ga lashe Kofin Turai a Lisbon a 1967 bayan ta doke Inter da ci biyu da ɗaya, ɗan Furotesta ne, haka ma wasu daga cikin 'yan wasansa, waɗanda dukansu an haife su ne cikin tazarar mil 30 daga filin ƙungiyar. Magoya bayan Celtic suna alfahari da wannan, kuma sun cancanta, sai dai su ma akwai nasu kashin a gindi, domin waƙoƙin yabon mayaƙan IRA, masu yaƙar mulkin Birtaniya a Ayalan ta Arewa, sun daɗe suna tashi daga ɓangarensu, har a shekarun da bama-baman ƙungiyar ke kashe fararen hula.

Na taɓa zama a Glasgow na 'yan watanni, kuma darasin farko da na samu ba a filin wasa na same shi ba. Wata Asabar da safe na fito da rigar sanyi koriya, dattijuwar da nake haya a gidanta ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambaye ni wace unguwa na nufa. Da na faɗa mata sai ta girgiza kai ta ce, ɗana, koma ka sauya, yau akwai wasa. Ni a lokacin ban ma san ana wasa ba, rigar kuwa na saye ta ne don araha. Daga baya na lura cewa gidajen abinci da mashayu da dama a tsakiyar birni suna liƙa sanarwa a ƙofa cewa ba a shiga da kayan da ke ɗauke da launin wata ƙungiya. Matar nan ba ta zuwa coci, ba ta kallon ƙwallo, amma ta haddace taswirar garin da launuka kamar yadda mutum ke haddace inda ramuka suke a hanyar gidansu.

Wannan ne ya sa nake jinjina maganar masu cewa rigimar ta addini ce. Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna cewa fiye da rabin mutanen Skotland, kashi 51 cikin ɗari, sun ce ba su da addini, mabiya Cocin Skotland sun ragu zuwa wajen kashi 20, Katolika kuma wajen kashi 13. Mafi yawan masu zagin Fafaroma a Ibrox ba za su iya faɗa maka abin da ya raba ɗarikun biyu a aƙida ba. Abin da ya rage shi ne gadon dangi da siyasar Ayalan ta Arewa da tutoci, ɗan Rangers da tutar Birtaniya yana tuna yaƙin Boyne na 1690, inda sarkin Furotesta ya yi galaba a kan na Katolika, ɗan Celtic kuma da tutar Jamhuriyar Ayalan. Akwai masu cewa tsanar ta minti casa'in ce, da an hura usur kowa ya koma wurin aiki tare da abokin adawarsa, har da auratayya a tsakani, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a 1995 an yanka wani yaro mai shekara 16, Mark Scott, a unguwar Bridgeton yana dawowa daga kallon wasa, laifinsa kawai launin da ke jikinsa, kuma mutuwarsa ce ta sa aka kafa ƙungiyar Nil by Mouth a 2000 domin yaƙar wannan ɗabi'a. A 2011 kuma an aika wa kocin Celtic, Neil Lennon, ƙunshin abin fashewa ta gidan waya, sannan a watan Mayun shekarar wani ɗan kallo ya tsallako ya kai masa hari a bakin fili a Tynecastle da ke Edinburgh. Minti casa'in ba su isa su bayyana waɗannan ba.

Yadda Rangers ta yar da tsohuwar ɗabi'arta yana da ban sha'awa ga mai son fahimtar tunanin shugabanni. David Murray, attajirin ƙarfe, ya sayi ƙungiyar a 1988 a kan kusan fam miliyan 6, kocinta kuma Graeme Souness ne, mutumin da ya taka leda a Liverpool da Italiya, wanda bai ga dalilin rufe wa kansa rabin kasuwa ba. A watan Yulin 1989 suka gabatar da Mo Johnston, ɗan Katolika, tsohon ɗan wasan Celtic, wanda makonni kaɗan kafin nan aka ɗauke shi hoto da rigar Celtic ana shelar zai dawo daga Nantes ta Faransa. Wasu magoya bayan Rangers suka ƙona gyalensu a gaban Ibrox, na Celtic kuma suka kira shi maci amana. Ba na jin wa'azi ne ya ratsa zuciyar kowa a ofishin. Ƙungiyar da ke son yin suna a Turai ta samu kamfanonin talla ba za ta iya ci gaba da wannan wariya ba, ga kuma daɗin ƙwace wa kishiya abin da ta riga ta kai baki. Da lissafi ya juya, abin da aka riƙe shekaru kusan saba'in kamar farilla ya faɗi a rana ɗaya.

A lokacin Celtic tana hannun wasu tsofaffin iyalai, musamman gidan Kelly da gidan White, waɗanda suka gaji kujerunsu tun kaka da kakanni, suna lulluɓe gazawarsu da tarihin ƙungiya. Fili ya tsufa, bashi ya taru, Rangers tana lashe lig shekara bayan shekara. A watan Maris na 1994 banki ya ba su wa'adi, kuma saura ƙiris a rufe ƙungiyar sai Fergus McCann, ɗan Skotland da ya yi arziki a Kanada, ya biya abin da ake bi ya karɓi ragama. Ya ce shekara biyar zai yi, ya sayar wa dubban magoya baya hannun jari a 1995, ya sake gina fili mai ɗaukar mutum 60,000, ya ƙaddamar da gangamin yaƙi da tsanar addini a cikin gidansa, ya kuma ƙi shiga gasar watsa kuɗi da Murray. Sakamakon da ya samu shi ne, a watan Agustan 1998, ranar da ya fito ɗaga tutar lig ɗin da ta hana Rangers cin na goma a jere, wani ɓangare na magoya bayansa suka yi masa ihu a cikin filin da shi ya gina musu. Laifinsa rowa, a cewarsu, da kuma tafiyar koci Wim Jansen kwana biyu bayan cin kofi. Ma'aunin da suke auna shi da shi guda ne, wato nawa maƙwabci ya kashe. Ya tafi a 1999 kamar yadda ya alkawarta, sai da ya dawo a 2014 aka tarbe shi da tafi, bayan kowa ya ga inda ɗaya hanyar ta ɓulle.

Murray kuwa an san shi da alkawarin cewa duk fam biyar da Celtic ta kashe shi zai kashe goma, kuma magoya baya sun so wannan magana ƙwarai. A 2000 ya sayi Tore André Flo a kan fam miliyan 12, kuɗin da ya yi wa kasuwar Skotland yawa nesa ba kusa ba. Daga 2001 zuwa 2010 ƙungiyar ta riƙa biyan 'yan wasa da ma'aikata ta wani asusun amana, inda ake zuba kuɗi sannan a ba mutum da sunan rance, rancen da babu mai sa ran a biya, domin a kauce wa harajin albashi. Abin da ya bi ta wannan hanya ya haura fam miliyan 47. Kayan aro ba ya rufe katara, hukumar haraji ta taso, banki ya matsa, sai a watan Mayun 2011 Murray ya sayar da ƙungiyar ga Craig Whyte a kan fam ɗaya tak. Whyte ya biya bashin banki na kusan fam miliyan 18, daga baya aka gano cewa da kuɗin tikitin kakar wasa na shekaru masu zuwa ya biya, wanda ya jinginar wa wani kamfani, wato da aljihun magoya baya aka sayi ƙungiyarsu. Kotu ta wanke shi daga tuhumar zamba a 2017, amma hukumar ƙwallo ta riga ta haramta masa shiga harkar har abada.

A nan ne garkuwar da na ambata ta fi fitowa fili. A watan Oktoban 2011 BBC ta watsa wani bincike da ya tono cewa an taɓa haramta wa Whyte shugabancin kamfani na shekara bakwai. Ƙungiyar ta yanke hulɗa da BBC, magoya baya da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin makircin maƙiya, domin a wurinsu tambayar farko ita ce wace ƙungiya ɗan jaridar yake goya wa baya. A ɗaya gefen, yawancin masu bin diddigin takardun a intanet magoya bayan Celtic ne, suna yi suna dariya, wanda hakan ya ƙara sa mutanen Ibrox toshe kunne. Gargaɗin gaskiya ne, amma ya fito daga bakin da ba za a saurara ba. Ranar 14 ga Fabrairun 2012 aka miƙa ƙungiyar ga masu kula da kamfanonin da bashi ya durƙusar, saboda harajin kusan fam miliyan 9 da ba a biya ba tun zuwan Whyte. Cikin masu bin bashi 276 har da wata mai yi wa yara zane a fuska da ke bin fam 40. A watan Yuni hukumar haraji ta ƙi amincewa da sulhu, aka rushe tsohon kamfanin, Charles Green ya sayi kadarorin a kan fam miliyan 5.5. Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2017 cewa kuɗin asusun nan albashi ne da ya kamata a biya masa haraji. Har yau ana musu a kan ko ƙungiyar da ke Ibrox ita ce ta 1872 ko sabuwa ce, kuma na lura an fi ɓata yawu a kan wannan fiye da tambayar yadda hukumar da ke ba da lasisi kowace shekara ta kasa ganin ramin.

Abin da ya biyo baya ya tona asirin tsarin gaba ɗaya. Shugabannin hukuma da na lig sun yi ta gargaɗin cewa ƙwallon ƙasar zai mutu idan babu Rangers a rukunin farko, domin darajar kwangilar talabijin ta rataya ne a kan karawa huɗu da ake yi tsakanin manyan biyu a kowace kaka. Magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi suka ce idan aka karya doka saboda mai ƙarfi ba za su sabunta tikitinsu ba, shugabanninsu suka ji tsoro, aka ƙi karɓar sabon kamfanin, ya fara daga rukuni na huɗu, sai a 2016 ya dawo sama. Ƙwallon bai mutu ba. A tsakanin nan St Mirren da Aberdeen da St Johnstone da Inverness da Ross County duk sun ɗaga kofi, Hibernian kuma ta ci Kofin Skotland a 2016, karon farko tun 1902. Lig ne kawai bai motsa ba, domin tun da Aberdeen ta Alex Ferguson ta lashe shi a 1985, shekaru arba'in da suka biyo baya babu wanda ya taɓa shi sai ɗaya daga cikin biyun. Ba abin mamaki ba ne, tunda a tsohuwar lig ta ƙungiyoyi 12 sai da ƙuri'a 11 ake sauya manyan dokoki irin na rabon kuɗi, ma'ana idan abokan gabar nan suka haɗa kai babu abin da zai wuce, kuma a kan kuɗi ba su cika saɓawa ba. Kamfanoni ma sun daɗe suna tallata hajarsu a rigunan biyun lokaci guda, daga CR Smith a 1984 zuwa Carling da Tennent's, don gudun kada rabin gari ya ƙaurace musu.

Batun ladabtarwa shi ma haka yake. Hukumar UEFA tana kama ƙungiya da laifin magoya bayanta kai tsaye, ta ci Rangers tara a 2006 saboda waƙoƙin tsana, ta rufe mata wani sashe na fili a 2019, ta kuma ci Celtic tara a 2011 saboda waƙoƙin IRA. A cikin gida kuwa ƙungiyoyi sun ƙi amincewa da irin wannan doka da aka kawo musu a 2013, ya isa kulob ya nuna cewa ya yi bakin ƙoƙarinsa. Majalisar Skotland ta yi doka a 2012 da ta mayar da kalaman ɓatanci a filin wasa laifi, aka ɗora nauyin a kan ɗan sanda da matashin da aka kama, magoya bayan ɓangarorin biyu suka tsane ta, aka soke ta a 2018. Duk lokacin da aka nuna wa wani ɓangare abin kunyarsa, amsarsa ita ce ai su ma wancan sun yi kaza a shekara kaza. Laifi tudu ne, kuma shugabannin ƙungiyoyin sun ƙware wajen fitar da sanarwa mai zafi da ke nuna wa jama'arsu tudun maƙwabci, musamman a makon da aka sha kashi ko aka fitar da lissafin da bai yi kyau ba.

Akwai waɗanda suka bi wata hanyar. Hearts ta birnin Edinburgh ta durƙushe a 2013 bayan mulkin Vladimir Romanov, magoya bayanta suka riƙa tara kuɗi wata-wata, Ann Budge ta riƙe musu amana, a 2021 suka zama masu rinjayen hannun jari. Motherwell ma tana hannun magoya bayanta tun 2016. Manyan biyun sun fi ƙarfin irin wannan saye, Dermot Desmond ne mai hannun jari mafi girma a Celtic, Rangers kuma ta koma hannun masu zuba jari daga Amurka a 2025, ciki har da kamfanin masu ƙungiyar ƙwallon Amurka ta San Francisco 49ers. Duk da haka na ga wani abu a 2025 da ya ɗan tuna mini 1909. Celtic tana da sama da fam miliyan 70 a banki, ta fi abokiyar adawarta nesa, amma da Kairat ta Kazakistan ta fitar da ita daga neman gurbin Gasar Zakarun Turai a watan Agusta, magoya baya ba su yarda a lallashe su da cewa ai an fi Rangers ba, suka juya kan hukumar gudanarwa da tutocin neman ta sauka.

Ita kanta karawar da ake sayar wa duniya an rage mata armashi da hannun masu sayarwar. A da Rangers tana ba baƙi kujeru kusan 7,000 a Ibrox, gefe guda cur na fili. A 2018, bayan Celtic ta yi ta cin wasa a can magoya bayanta suna rawa a gaban masu gida, sai ta rage su zuwa wajen 800, ta sayar da sauran ga masu tikitin kaka. Celtic ta rama daidai wa daida, aka yi ta musayar sanarwa, har aka kai ga buga wasanni da dama babu baƙo ko ɗaya a fili. Na kalli ɗaya daga cikinsu a talabijin, baƙi suka zura ƙwallo, 'yan wasa suka ruga kusurwa don yin murna, suka tarar babu kowa nasu a wurin, mutum dubu hamsin sun yi tsit. Sai a 2025 aka daidaita a kan ba baƙi kusan kashi biyar cikin ɗari na kujeru, bayan an kafa raga tsakaninsu da masu gida.